Abin da hoton ƙwaƙwalwa ba ya nunawa

A aikin bibiyar yaran da suka tsira daga ƙarin ƙwaƙwalwa, abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya fitowa a hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'ura a asibiti. Hoto zai fito tas, hankalin kowa ya kwanta, sai bayan shekara 2 ko 3 uwa ta dawo tana cewa, "Malama, yaron nan da ba haka yake ba."

Yawancin yaran nan ba mantawa suke yi da abin da suka riga suka sani ba. Sabon abu ne ke yi musu wuyar shiga. Bincike a kan masu medulloblastoma, kansar da ke tsirowa a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, ya nuna makin gwajin basira na iya sauka da 2 zuwa 4 a kowace shekara bayan an yi wa ƙwaƙwalwa da laka gashi, wato maganin kansa da ake yi ta hanyar haska wurin da na'ura. Yaron yana gaba, sai dai sa'o'insa sun fi shi sauri, tazarar kuma kullum ƙaruwa take yi. Gashin yana lahanta farin sashen ƙwaƙwalwa, inda saƙo ke bi, kuma wannan sashe bai gama nuna ba a ƙuruciya. Shi ya sa likitoci ke gudun gasa yaron da bai kai shekara 3 ba, shi ya sa kuma aka rage ƙarfin gashin daga Gy 36 zuwa 23.4 (Gy shi ne ma'aunin yawan gashin) ga waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba, aka haɗa musu da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa.

Na zauna kusa da wata yarinya daga cikin yaran nan tana kwafar rubutu daga allo. Ta ɗaga kai, ta riƙe kalma biyu, kafin fensir ya taɓa takarda ɗaya ta kuɓuce mata. Ta sake ɗaga kai. Ba ta kai rabi ba aka goge allon. Amsar tambayoyin kuwa ta sani, da aka ba ta lokaci duk ta faɗe su. Irin wannan yarinya ake kira malalaciya, kuma abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Wani lokacin ma matsalar daga kunne take, domin cisplatin, ɗaya daga cikin magungunan kemo, yana rage ji, ko daga makoshi, idan gashi ya taɓa halittar da ke fitar da sinadarin thyroid. Don haka kafin na rubuta wa makaranta, sai na tabbatar an duba waɗannan. A takardar kuma ina roƙon a ƙara wa yaron lokacin jarrabawa, a ba shi darasi a rubuce, a riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, sannan a sake yi masa gwajin basira lokaci-lokaci ko da yau babu wanda ya ga wata alama.