Jean Valjean da gardamar niyya

Tun da littafin Les Misérables na Victor Hugo ya fito a shekarar 1862 masu karatu suka rabu a kansa, kuma har yau rabuwar ba ta ɗinke ba. Hugo ya kammala shi ne yana gudun hijira a tsibirin Guernsey saboda adawarsa da Sarki Napoleon na Uku. Jama'ar Faris sun yi rububin sayensa, sojojin yaƙin basasar Amurka ma suka riƙa karanta fassararsa a sansanoninsu, amma manyan marubutan Faransa da dama sun yatsine masa fuska. Flaubert ya rubuta a wata wasiƙa cewa bai ga gaskiya ko girma a cikinsa ba, Baudelaire kuwa ya yabe shi a jarida, sannan ya koma ya kushe shi a wasiƙar da ya aika wa mahaifiyarsa. Cocin Katolika ta saka shi cikin jerin littattafan da ta haramta a 1864, kuma ba a cire shi ba sai a 1959.

Ƙorafin da ya fi daɗewa shi ne cewa mutanen kirkin littafin sun cika kirki, har ba su yi kama da 'yan Adam ba. Na ji wannan magana daga bakin abokai da muka karanta shi a fassarar Turanci, kuma ban yarda da ita ba, domin duk inda Hugo ya kawo babban alheri sai ya bar wata laka a gindinsa.

A watan Oktoba na 1815 Jean Valjean, tauraron labarin, ya shigo garin Digne bayan shekara 19 a kurkuku, biyar saboda satar burodi, sauran saboda yunƙurin tserewa. Masaukai suka kore shi saboda takardar shaidarsa ta tsohon fursuna, sai Bishop Myriel ya ba shi abinci da gado. Cikin dare ya kwashe cokulan azurfar gidan ya gudu, da safe jandarmomi suka dawo da shi, bishop ɗin ya ce ai kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da mazaunan kyandir biyu na azurfa. Wasu masu karatu a nan suke zubar da hawaye. Wasu kuma suna cewa malamin addini ya yi wa hukuma ƙarya, kuma da ya gaya wa Valjean cewa ya sayi ransa ne domin ya miƙa shi ga Allah, to kyautar ta zama bashi. Abin da ɓangarorin biyu suke yawan mantawa shi ne cewa a ranar nan Valjean ya taka kuɗin wani ƙaramin yaro da ƙafa a kan hanya, ya hana shi, yaron ya tafi yana kuka. Alherin bishop ɗin bai wanke shi nan take ba, sai da ya sake zaluntar wanda ya fi shi rauni kafin ya ga kansa yadda yake.

Inda na fi daɗewa ina juyawa shi ne shari'ar garin Arras. A 1823 Valjean ya riga ya zama magajin wani gari dabam kuma mai masana'anta a ƙarƙashin wani suna, sai ya ji an kama wani talaka mai suna Champmathieu ana cewa shi ne Valjean, za a ɗaure shi har mutuwa. Ya kwana yana safa da marwa a ɗakinsa, kuma hujjojin yin shiru ba na banza ba ne: idan ya tona kansa masana'anta za ta durƙushe, ma'aikata su rasa abinci, Fantine, tsohuwar ma'aikaciyarsa da ke kwance ba lafiya, ta rasa mai ɗauko mata 'yarta Cosette. Ya kama hanyar Arras ba tare da ya yanke shawara ba. Da ƙafar keken dokinsa ta lalace a hanya, aka ce masa babu wani abin hawa a garin da ya tsaya, sai ya ji wani irin farin ciki ya lulluɓe shi, domin ya samu uzurin da zai kare kansa da shi. Wata tsohuwa ta zo ta ce tana da keke, ransa ya ɓaci, amma ya hau. Wanda ya ce wannan mutum mala'ika ne bai karanta shafin da kyau ba. Kuma Hugo bai ɓoye cewa garin da yake shugabanta ya talauce bayan tafiyarsa ba, wato gaskiyar da ya faɗa a kotu ta ceci mutum ɗaya ta jefa wasu da yawa cikin wahala.

Mu da muka tashi da hadisin da ke cewa ayyuka suna tare da niyya, kuma aka tsoratar da mu game da riya tun muna makarantar allo, tambayar da muke fara yi ita ce ko don Allah mutum ya yi. Wannan tambaya ta fi tsanani a lokacin tawayen Yunin 1832, inda Valjean ya saɓo Marius, saurayin Cosette, a kafaɗa yana jina-jina, ya ratsa magudanan ƙazantar ƙarƙashin Faris da shi, alhali ya tsane shi saboda zai raba shi da Cosette, wadda ya raina kamar 'yarsa bayan rasuwar Fantine. Littafin ya faɗa ƙarara cewa ya dube shi da ƙiyayya a cikin ramin. Wani abokina ya ce aikin da aka yi da irin wannan zuciya ba shi da lada. A ganina riya ita ce a yi don a gani, Valjean kuwa ya ɓoye wa Marius wanda ya cece shi, sai da wani ɗan damfara mai suna Thénardier ya zo neman kuɗi da tsegumi asirin ya tonu. Zuciya tana ƙi hannu yana aikatawa, wannan ya fi kama da yaƙi da son rai. Lamarin Éponine, 'yar Thénardier da ke son Marius, ya fi wuya, domin kishi ne ya sa ta jawo Marius wurin faɗan don su mutu tare, sannan ta tare harsashin da aka auna shi da shi. Ban iya wanke ta gaba ɗaya ba, ban kuma iya hana kaina tausayinta ba.

Inda nake tare da masu suka shi ne ƙarshen littafin. Bayan auren Cosette da Marius, Valjean ya gaya wa Marius tarihinsa, ya roƙe shi kada ya sanar da ita, ya janye jikinsa sannu a hankali har ciwo ya kwantar da shi. Hugo yana so mu ɗauki wannan a matsayin ƙololuwar sadaukarwa, amma wata 'yar'uwata da ta karanta shi ta ce maza biyu ne suka zauna suka yanke wa mace hukunci a kan ubanta ba tare da sun tambaye ta ba, kuma na ga ta fi Hugo gaskiya. Cosette matar aure ce mai hankalinta a lokacin, amma ko sunan mahaifiyarta ba a gaya mata ba sai da Valjean ya zo gargara.