Jijjigar Babur da Kyamarar Waya: Daga Bakin Mai Ɗaura Mariƙi

Sana'ata ɗaura wa babura mariƙin waya, wanda yara ke ce wa holda, da sayar da 'yan tarkacen da ke biye da shi: cajar babur, igiyar caji, robobi da notuna. Shagon ƙarami ne a nan Kano, ni da yarana na aiki, kuma galibin masu zuwa 'yan kai saƙo ne. Tun da aka hana achaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013 babur bai bar titi ba, aiki ya sauya. Yanzu shi ke kai abinci, shi ke kai atamfa da turaren wuta da mata ke sayarwa ta WhatsApp da Instagram. Mai wannan aiki kuwa dole idonsa na kan waya, ga taswira, ga kiran mai kaya, ga kiran mai karɓa yana cewa "ka wuce mu, dawo baya."

Kowa ya zo abu ɗaya yake nema: mariƙin da zai damƙe wayar tsam, kada ta faɗi. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin wuya shi ne abin da ba a gani.

Girgizar babur iri biyu ce. Akwai ta hanya, wato ka faɗa rami ko ka hau gargada ko tudun rage gudu, babur ya yi tsalle. Ita ce mutane ke tsoro, amma shokozoba da taya na shanye mafi yawanta, kuma zuwa take ta wuce. Ta biyu ita ce tsumar inji, wadda ke sa tafin hannu ya yi zugi bayan doguwar tafiya, ta sa hoton madubi ya dishe. Baburanmu, Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, kusan duk silinda ɗaya gare su, fistin ɗaya ke hawa da sauka ba wani ɗan'uwansa da zai daidaita shi. Idan inji na juyi 4,500 a minti, sau 75 ke nan a daƙiƙa guda kan babur ke karkarwa, kuma haka zai yi ta yi daga safe har magariba. Wannan ita ce mai kashe kyamara.

Dalili kuwa, a wayoyin zamani gilashin kyamara ba a kafe yake ba. A rataye yake a kan 'yan siraran wayoyin ƙarfe, maganaɗisu na tura shi gaba da baya don hoto ya fito fes. A manyan wayoyi har gefe da gefe yake motsawa, don ya rama rawar hannun mai ɗauka, kamar yadda wuyan 'yar talla ke bin tafiyarta farantin bai karkace ba. An yi shi ne don rawar hannun mutum, ba don bugun inji ba. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi cewa jijjigar manyan babura na iya lalata wannan tsari a iPhone, ya ce kada a ɗaura ta a kansu, sannan ko a ƙananan babura a sa mariƙi mai rage jijjiga kuma kada a mayar da abin kullum. Masu Samsung manya da wasu daga cikin sababbin Tecno Camon su ma abin ya shafe su, don irin ginin ke nan. Alamar ba ta ɓuya: ka buɗe kyamara ka ji tana ɗan zzz, hoton na rawa alhali hannunka a tsaye yake, ko ta ƙi kama rubutu idan za ka ɗauki rasit. Daga nan sai kasuwar waya ta Farm Centre, a canza kyamarar ɗungurungum, kuɗin kuma ya ninka na mariƙi sau da yawa.

Shi ya sa idan mutum ya kawo babur ba na fara buɗe kwali. Cewa nake ya tayar, ya bar shi a silo, wato inji na aiki ba a ja totur ba, in ɗora hannu a kan babur ɗin, tsakiya, sannan gefe, sannan sandar madubi. Sau da yawa ciwon ba na waya ba ne, na babur ne. Notin da ke riƙe da inji a jikin firam ya kwance, ko cen ya yi sako-sako yana dukan murfi, ko sifoket ya cinye, ko an yi wa taya faci a kan faci har ta daina zagaye daidai. Irin wannan sai in tura shi wurin bakaniken da ke layinmu. Wasu na jin haushi. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Haba Oga, holda na zo saya, ka haɗa ni da gyaran mashin?" Na ce masa, "Ɗan samari, kamo nan ka ji." Da ya taɓa notin injin da yatsa ya ga yana juyawa, bai ƙara magana ba.

Bayan babur ya lafa, sai maganar wurin ɗaurawa. Yawancin baburan nan kaurin sandar kansu milimita 22 ne, kuma inda ya fi natsuwa shi ne tsakiya, kusa da inda aka damƙe ta. Duk yadda ka matsa zuwa wajen hannu, karkarwar ƙaruwa take. Mafi muni shi ne mariƙin da ake ɗaurewa a gindin madubi mai dogon wuya da ake lanƙwasawa. Yana da farin jini saboda arha kuma yana kawo waya kusa da fuska, amma dogon hannu ƙara jijjiga yake, ɗan motsi a gindi ya zama lilo a sama. Ina ajiye shi a shago don masu adaidaita sahu na tambaya, amma mai babur ba na ba shi sai ya nace.

Sai ita robar, inda nan ne ainihin aikin yake. Kamfanoni irin su Quad Lock da SP Connect suna yin wani ɗan faifai da ake sa wa tsakanin mariƙi da waya, 'yan robobi ne a cikinsa, wayar na zaune a kansu ba ta taɓa ƙarfe ba. Na asali tsada gare shi ga ɗan kai saƙo, na kwaikwayo kuma sun cika kasuwa, wani robarsa tauri kamar ba roba ba. Ni da babban yatsa nake gwadawa. Idan na danna bai lotsa ba, ado ne kawai. Idan kuma ya yi laushi har wayar na sunkuyawa da nauyinta, shi ma bai yi ba.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Mariƙi mai kyau, idan babur na silo, za ka ga wayar na ɗan rangaji fiye da yadda take yi a kan mai tauri. Sai mai babur ya ce an cuce shi. Amma ja totur a hankali ka gani: da inji ya ɗau zafi sai wayar ta tsaya cak, alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinta na ɓari. Roba da nauyin waya suna da nasu lokacin lilo, a hankali yake, kusa da na silo. Da bugun inji ya wuce wannan da nisa, roba ba ta iya biye masa, sai ta bar shi a ƙasa. Abin da ake so ke nan, tunda a kan gudu babur ke yini, ba a tsaye ba. Ina nuna musu da wayarsu: a kunna bidiyo, a saita ta ga bangon da ke tsallaken titi, a ja totur. A kan mariƙi mai tauri layukan bulo sai su riƙa lanƙwashewa suna malala, a kan mai roba su miƙe. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake gardama.

Babbar ɓarna kuwa sifana ke yin ta. Mutum ya koma gida, ya ga wayar na ɗan motsi, ya ɗauko sifana ya ɗaure notin har robar ta baje. To ya mayar da ƙarfe kan ƙarfe. Abin da ake ɗaurewa tam shi ne maƙalar da ke kan sandar, ita ma ina naɗa mata yankin tsohon tiyub a ƙarƙashi don kada ta zame ko ta goge fenti. Tiyub ɗin nan na taimakawa kaɗan, amma kada wani ya ce maka ya wadatar, da an matse shi ya gama aikinsa.

Igiyar caji ma tana da nata. Idan ta yi tsayi tana reto, ko ta yi gajarta ta miƙe, duk karkarwar a bakin caji take ƙarewa, wata rana sai an karkata igiya kafin waya ta ɗau wuta. Ina ɗaure ta a jikin mariƙin, in bar mata ɗan lanƙwasa kafin ta shiga waya.

Duk da haka, wanda ya zo mini da waya mai tsada ina gaya masa gaskiya, ko da zan rasa ciniki: roba ragewa take, ba ta kawarwa. Ya nemi ƙaramar Itel ko tsohuwar Infinix mai iya buɗe taswira ya ɗora a kan babur, babbar ta zauna a aljihun gaba, jikin mutum ya fi kowace roba shanye jijjiga. Ga kuma masu ƙwacen waya, waɗanda ba sai na yi wa ɗan Kano bayaninsu ba. Waya mai kyalli a tsirara a kan babur, a danja, da yamma, kira ce.

Robobin nan ba sa daɗewa a garinmu. Ƙurar hunturu ta shiga tsakaninsu ta goge, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ya busar da su, musamman baƙar roba ta gama-gari, silikon ya fi juriya. Don haka ina ce wa masu zuwa su dawo kafin damina ta sauka in duba. Wadda ta tsage ko ta ƙandare a cire, kuɗinta bai kai na litar mai ba, kuma idan ni na ɗaura mariƙin tun farko ba na karɓar kuɗin aiki.