Hutun hunturu a Yankari da tsohuwa da ƙananan yara

Hutun ƙarshen shekara yakan zo wa magidanci a Bauchi da wata matsala, domin makarantun boko sun rufe tun tsakiyar Disamba, sanyi da hazo sun hana yara fita wasa da safe, su kuma sai su tare a kan wayar uwarsu daga hantsi har dare. A cikin wayar nan ne 'yata ta biyu ta ga yadda ake shagalin wannan lokaci a wuraren wasan yara na Turai da Amurka, da fitilu rataye a jikin itatuwa, da dusar ƙanƙara, da lilo mai juyawa da mutane sama, sai ta zo ta tsaya a kaina tana tambaya ko mu ma muna da irin wannan wuri. Na ce mata muna da ruwa mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse a tsakiyar dajin da giwaye ke kiwo, kuma a nan jiharmu yake. Daga ranar ban sake samun sukuni a gidan ba, sai da muka sa ranar tafiya Yankari a cikin makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Abu na farko da na fahimta shi ne, tafiyar iyali tun a gida ake cin nasararta ko a faɗi. Makon nan shi ne lokacin da ɗakunan kwana na sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin gandun Yankari, suka fi cika, saboda ma'aikata suna hutu, masu bikin Kirsimeti suna fitowa da iyalansu, ga baƙi daga Jos da Kano da Abuja, don haka na kama ɗaki tun da sauran makonni. Kuɗin ma ba a dunƙule yake ba: na shiga daban, na ɗaki daban, na motar zagaya daji daban, ga mai, ga abinci. Uwargida ce ta ɗauki nauyin guzuri da kuɗin adashinta, ta soya kaji, ta yi dambun nama da cincin, ta cika filas biyu da kunun gyaɗa, da asubar tafiya kuma aka karɓo mana masa mai zafi, domin mutumin Bauchi ba ya kama hanya ya bar masa a baya. Na cika tankin mota tun a gari, na kuma riƙe tsabar kuɗi a aljihu, saboda a daji sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, kuma ba a nan ake son mutum ya tsaya yana ɗaga waya sama don turin kuɗi ya wuce ba.

Da na gaya wa mahaifiyata cewa da ita za a tafi, ta fara da cewa gwiwoyinta ba za su iya ba, sai ɗan autana ya ce ai ba zai je ko'ina ya bar matarsa a gida ba. Ta yi dariya ta ce, "To, tunda maigidana ya yi magana, a ɗauko mini bargona." Sannan ta juyo gare ni ta yi mini gargaɗin da ya fi duk shirin da na yi amfani. Ta ce, "Kai kuma kada ka yi wa yaran nan alkawarin zaki. Ka ce musu za a je wanka, abin da Allah ya nuna musu a daji kuma riba ce." Na ce, "To, Inna."

Mun bar gari ta hanyar Gombe rana ba ta gama keto hazo ba, fitilar mota a kunne. A Dindima ake sauka daga babban titi a miƙi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda ƙofar gandun take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka da ya biya kuɗi a ƙofa an iso, alhali daga nan zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji tsantsa, babu gari babu mai sayar da ruwa. Wannan ne wurin da yara ke fara tambayar ko an kusa, kuma a nan ne ya kamata uba ya rage gudu ya ba su aikin yi. Na raba musu tagogi, kowa ya lura da nasa ɓangaren, wanda ya fara hango dabba shi ke da cinyar kaza. Zabin daji ne suka fara tsallake mana titi, sai gadu da 'ya'yanta suna gudu wutsiyoyi a tsaye, kafin mu kai sansani har an cinye kaza guda.

Sansanin a wannan mako cike yake da hayaniyar biki. Ga iyalai cikin anko suna ɗaukar hoto, ga matasa da lasifika, ga 'yan makaranta da malamansu, ga masu gaishe ka da barka da Kirsimeti kai kuma kana mayar musu da barka da hutu, kowa da kularsa ta abinci a hannu. Amma masu gidan na ainihi birai ne. Gwaggon birin Wikki ya saba da mutane har ya daina jin tsoronsu, ya san leda, ya san kula, ya san cewa abin da ke hannun ƙaramin yaro ya fi sauƙin ƙwacewa. Ina sauke kaya daga but sai wani ƙato ya taho a natse, bai ko dube ni ba, ya zari ledar burodi daga gefen ƙafata, ya koma 'yan taku kaɗan ya zauna, ya yage ledar da yatsunsa, ya riƙa gutsura yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan autana ya fashe da kuka, yayyensa suka fashe da dariya, Inna kuwa cewa ta yi a bar shi, haƙƙin mai gida ya karɓa. Daga nan muka kafa doka: ba a cin komai a waje, ba a barin ƙofa ko taga a buɗe ko da na ƙiftawar ido, gilashin mota a ɗage, kuma babu wanda zai miƙa wa biri abinci don neman hoto, domin wannan ɗabi'ar ce ta lalata su tun farko, kuma haƙoransu ba na wasa ba ne.

Da la'asar sakaliya muka shiga motar zagaya daji tare da wasu iyalai biyu da malamin daji guda. Shi ne ya yi wa yaran bayanin cewa faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a Disamban 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Babban ɗana ya tambaye shi, "Malam, ina kejin zakin?" Mutumin ya yi murmushi ya ce nan ba gidan zu ba ne, dabba tana inda ta ga dama, mu ne baƙi. Ya ƙara da wani bayani da nake ganin duk mai shirin zuwa a Disamba ya kamata ya sani: a farkon rani ciyawa tana da sauran tsayi, kuma akwai ragowar ruwa a tafkuna nan da can, don haka dabbobi a warwatse suke. Sai rani ya yi nisa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ruwan ya ƙafe ko'ina, sannan dole ta taro su bakin kogin Gaji a gan su cikin sauƙi. Wato lokacin da ya fi daɗi ga jikin ɗan Adam da kalandar makaranta ba shi ne lokacin da ya fi kyau ga ganin namun daji ba.

Mun ga gwambaza tsaye a bakin fadama, mun ga mazo ya gilma cikin kurmi, mun ga burtu biyu suna takawa a wurin da aka ƙone ciyawa, daga nesa kuma malamin ya nuna mana baƙaƙen bayan ɓauna. Giwa kuwa sai sawunta da kashinta da rassan da ta kakkarya muka gani, duk da cewa garken Yankari yana cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Wani yaro a cikin motar, wanda ga alama an cika masa kunne da zaki tun daga gida, ya yi ta kuka har muka dawo, ubansa yana ta rarrashi cikin jin kunya. Nawa kuwa da aka ce musu wanka aka zo, sai gardama suke yi a kan wanda ya fara ganin ɓauna. Abin da ya ɗan taɓa mu shi ne tsando, wanda cizonsa ke ratsa riga marar kauri, don haka doguwar riga mai haske da wando har ƙasa sun fi dacewa da wannan zagaye fiye da kayan kwalliyar biki.

Ruwan Wikki shi ne dalilin da ya sa wurin ya zama na iyali, kuma a ganina hunturu ne lokacinsa. Daga sansani ake gangarawa ta matakala mai tsawo zuwa wani kwari, inda ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin wani tsayayyen dutse, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa ba ya sauyawa dare da rana, rani da damina, yana nan a kan digiri 31, kuma kimanin lita miliyan 21 ke kwarara daga cikinsa kullum zuwa Gaji, shi ya sa duk yawan masu wanka ba ya gurɓacewa. Wajen dutsen yana da zurfin da ya kusa mita biyu, can ƙasa kuma yana raguwa har ya zama daidai ƙugun yaro. Ranar farko da muka leƙa da yamma, wurin ya cika maƙil da samari suna tsalle suna ihu, uwargida ta dubi 'yan matanta ta dube ni, ba ta ce komai ba, muka juya.

Washegari muna idar da sallar asuba muka sauka, kowa cikin rigar sanyi da hula, haƙora suna kaɗawa, domin a irin wannan lokaci sanyin dare a dajin yakan sauka har wajen digiri 12. Babu kowa sai wani dattijo da ke iyo shi kaɗai. Tururi yana tashi a kan ruwan kamar an buɗe tukunyar tuwo. Matan suka nufi ɓangaren da ba shi da zurfi cikin dogayen riguna da wanduna, ni kuma na tsaya a ruwa tsakanin yaran da wajen zurfi, ban matsa daga nan ba har aka gama, saboda ruwa mai haske yana ruɗin ido, yaro sai ya ga ƙasa kusa alhali ta fi ƙarfin tsayinsa. Inna ta sauko matakalar a hankali, tana dafa kafaɗata tana hutawa, ta zauna a bakin ruwan ta tsoma ƙafafunta har gwiwa. Ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce, "Ikon Allah, wa ya hura wa wannan wuta?" Jikanta ya watsa mata ruwa, ta ce za ta kai ƙararsa wurin alƙali a raba auren.

Wahalar ba a shiga take ba, a fita take. Da zarar jiƙaƙƙen jiki ya haɗu da iskar hunturu sai yaro ya kama karkarwa, leɓɓansa su bushe nan take. Uwargida ta riga ta yi tanadin wannan: tawul ga kowane yaro a bakin ruwa, rigar sanyi a kusa, man kaɗe a shafe jiki da shi tun kafin a hau matakala, sannan kofin kunu mai zafi daga filas. Hawan matakalar da tsohuwa ya ɗauke mu lokaci mai tsawo, kuma a nan na gane cewa da ƙafar Inna da cikin ɗan auta ya kamata a auna duk tsarin yini, ba da zumuɗin manyan yara ba. Saboda haka muka ajiye maganar zuwa kogunan Marshall, ramukan nan 59 da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, muka tsaya a ɗan gidan tarihin da ke cikin sansani, inda yaran suka ga hauren giwa da fatu da ƙasusuwa, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta. A gaban tarkunan nan babban ɗana ya daɗe a tsaye, ya tambaye ni ko su ne suka sa bai ga giwa ba, na ce masa suna cikin dalilan.

Da dare sansanin ya sake ɗaukar kiɗa, fitilu suka haske ruwan, matasa suka koma wanka. Mu kuwa muka rufe ƙofa, muka baje sauran kaza da masa a kan tabarma, Inna ta lulluɓa da bargonta tana yi wa jikokinta tatsuniyar gizo, gadu suna nuƙu-nuƙu a bayan taga. Mun kama hanyar gida da hantsi don kada duhu da hazo su same mu a titi, kuma kafin mu kai Dindima manyan yaran biyu sun riga sun sa ni na amince cewa a hutun Afrilu za mu dawo mu uku kawai, mu jure zafin, mu kwana da shirin fita zagayen farko na safiya zuwa bakin Gaji, daga nan mu wuce kogunan Marshall.