Abin da karatun tarihin Amurka ya koya mini game da wadata

A kwas ɗin tarihin tattalin arziki da muka yi, shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ake kira zamanin wadatar Amurka: gida, mota, firiji, talabijin. Amma alƙaluman gwamnatin ƙasar da kanta sun nuna cewa a 1959 mutum kusan miliyan 40 ne ke cikin talauci, fiye da ɗaya cikin biyar ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hannun da ya raba arzikin shi ne ya ware waɗanda ba za su samu ba.

Ɗauki dokar 1944 da ta sauƙaƙa wa tsofaffin sojoji bashin gida, ta biya musu kuɗin makaranta. A takarda ba ta bambanta fari da baƙi ba. Sai dai wuƙa da nama suna hannun bankuna da jami'an yanki. A jihar Misisipi a 1947, cikin basussuka fiye da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa, biyu kacal suka shiga hannun baƙar fata. A Levittown, unguwar da aka fara ginawa a wannan shekarar kusa da Niyok, ƙiri-ƙiri aka rubuta a yarjejeniyar gida cewa wanda ba farar fata ba, ba zai zauna ba sai in ɗan aiki ne. Wanda ya samu gida jikokinsa sun ci gado. Wanda aka hana kuwa haya ya yi ta biya. Tun daga nan, in aka kawo mini alƙaluman ci gaban wata ƙasa, tambayata ta farko ita ce: wa ke riƙe da takardar rabo?

Injina ma sun yi nasu. Na tsinkar auduga ya raba baƙaƙen manoman Kudu da gonaki, suka nufi Shikago da Ditroit, suka tarar masana'antu sun soma tattara komatsansu daga cikin gari. A tsaunukan West Virginia kuwa, yawancin waɗanda injin haƙar kwal ya sallama farare ne, don haka maganar ba ta launi kaɗai ba ce. John Kennedy, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya gane wa idonsa a yaƙin neman zaɓen 1960, kuma a can gwamnati ta fara farfaɗo da shirin takardun sayen abinci na talakawa a 1961.

Shugaba Lyndon Johnson, wanda ya gaji Kennedy, ya shelanta yaƙi da talauci a 1964, amma tura ta riga ta kai bango. Tarzomar Watts, unguwar baƙar fata a birnin Los Angeles, a 1965 ta ci rayuka 34, ta Ditroit a 1967 ta ci 43.