Godiya bayan wasan Baba na cika shekara 40 a kamanci

Assalamu alaikum. Sai yau na samu sukunin rubuta wannan, don tun daren Asabar muryata a dushe take. A madadin mahaifinmu da mu 'ya'yansa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo wasan da muka shirya masa a nan Kano, na cikarsa shekara 40 yana sana'ar 'yan kama, wato masu barkwanci da kwaikwayon waƙa da wa'azi.

Da farko ma Baba ƙi ya yi. Cewa ya yi wa zai ɓata kuɗin mota ya zo kallon tsohon ɗan kama, yanzu da kowa dariyarsa tana cikin waya? Sai da Kawu ya sa baki. To ga shi kafin a yi nisa kujerun da muka ɗauko haya sun ƙare, dattawa a kan tabarma, samari a kan katanga. Waɗanda suka sha tsayuwa, ku yafe mana, ƙarancin lissafinmu ne.

Ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ce bai san zance ba. Ni dai cikina ya ɗuri ruwa. Baba ko a jikinsa. Ya ce a bakin kasuwa ya koyi sana'a, can kuwa babu lasifika. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar mai shirin wa'azi, ya shiga bayanin falalar tuwon dawa da miyar kuka, da irin asarar wanda ya zo bayan an kwashe. Ku matasan da kuka haska shi da fitilun wayoyinku har ya kai ƙarshe, Allah ya haskaka rayuwarku. Wata Hajiya a sahun gaba sai da aka kawo mata ruwa don dariya.

Inda wuri ya yi tsit shi ne da ya ambaci manyan da yake juya waƙoƙinsu su koma kirarin ƙosai da waina: Mamman Shata da ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ya nemi a yi musu addu'a, aka yi. Dalilin da ya sa muka nace a yi taron nan yanzu ke nan, yana da ransa, yana jin tafin da kunnensa. A nan ni ma na share hawaye, don na tuna ina firamare har ɓuya nake yi idan na hango shi da gangarsa, gudun kada a ce mini ɗan maroƙi. Da kuɗin gangar nan aka yi mini karatu.

'Yan amshinsa biyu da suka tsufa tare da shi, ba mu da bakin gode muku. Haka iyayenmu mata da suka kwana a gindin murhu, da mai unguwa, da 'yan sintiri, da duk wanda ya yi liƙi komai ƙanƙantarsa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Akwai hula zanna bukar da aka tsinta bayan an watse, tana wurin Kawu. Baba ya ce mai ita ya zo da kwanon waina ya fanshi abarsa.