Neman a sake maganar riƙon yaro bayan mutuwar aure

Yawancin matan da aurensu ya mutu a nan Damagaram ba su da wata takarda da ta faɗi wanda zai riƙe ƴaƴa, domin a zaure ake yanke maganar tsakanin waliyyai, kuma abin da aka saba ji shi ne uwa ta riƙe yaro har ya kai shekara 7, sannan uba ya karɓa. Ƙanwata ta bi wannan tsari ba tare da musu ba, ta miƙa ɗiyarta, amma ba a jima ba uban ya tafi ci-rani Libiya, aka cire yarinyar daga lakwal, aka ɗora mata tallan ƙosai a tasha.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali, kuma yunƙurin da aka yi a 2011 ya ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Dokar tsarin shari'a ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, sun bar aure da saki da gado ga al'adar masu ƙara, shi ya sa alƙali yake zama tare da mashawarta kan al'ada, waɗanda galibinsu malamai ne. A nan ne mata da yawa suke asarar haƙƙinsu saboda rashin sani, domin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan, ba ta ambaci shekara 7 ba. Ta bar wa uwa renon ɗa namiji har ya balaga, ta bar mata ɗiya mace har ta yi aure ta tare, kuma idan uwar ta rasu ko ta auri wani, haƙƙin yana komawa ga kaka, bayanta kuma ƴar'uwar uwar. Ciyarwa da tufatarwa suna kan uba a kowane hali.

Da muka tashi neman a mayar wa ƙanwata riƙon yarinyar, mun fara da mai unguwa, daga nan muka je fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni, tunda doka ta ba sarakuna ikon sulhu a irin wannan rikici. Sulhun bai yiwu ba, don dangin uban sun ce ɗiyarsu ba za ta zama agola a gidan wani ba, sai muka shigar da ƙara a kotu.

Ƙanwata ta shiga da niyyar zayyana duk abin da ta haɗiye a gidan aure, amma alƙali ya dakatar da ita, ya ce abin da ke gabansa shi ne halin da yarinyar take ciki yau, da abin da ya sauya tun ranar da aka miƙa ta. A ganina ya yi daidai, ko da yake ranar ta fito tana kuka. Abin da ya yi mata amfani shi ne takardar haihuwa, da takardar da shugaban makarantar ya rubuta cewa yarinyar ta daina zuwa aji, da maƙwabta biyu da suka yarda su ba da shaida, alhali mutane suna gudun a ce sun kai maƙwabci gaban hukuma.

Da aka tambaye ta ko za ta sake aure, ta ce: "Ranka ya daɗe, idan Allah ya kawo miji zan yi, amma ga innarmu nan, ta yarda ta riƙe jikanyarta." Alƙali ya mayar mata da riƙon, ya rubuta cewa yarinyar za ta riƙa zuwa gidan ubanta lokacin hutun makaranta, ya kuma yanka kuɗin ciyarwa na kowane wata. Yarinyar ta koma aji. Kuɗin ne har yanzu ake kai ruwa rana a kansu, domin uban bai dawo ba, ƙanensa kuma ya ce ba da shi aka yi shari'a ba.