Yadda na canza sitiyarin jirgina na su, da abin da guduma ta jawo mini

Har yau idan na tuna yammacin da na ɗauki guduma na tsaya a bayan jirgina a bakin madatsar ruwa ta Kangimi, sai in ji raina ya ɓaci, domin bugu uku kacal na yi, amma sai da suka ci mini mako uku a daidai lokacin da ruwa ya fara ja baya, karfasa da tarwaɗa suna shiga koma sosai. Jirgin ƙarami ne na faiba, tsawonsa ƙafa 16, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, na saye shi a hannu da sitiyarinsa a haɗe. Tun farkon damina sitiyarin ya fara tauri, ina juya shi da hannu biyu ina cewa zai saki, har ranar da ya ƙi motsi gaba ɗaya muna tsakiyar ruwa ni da ƙanena, muka dawo gaɓa shi yana rungume da kan injin yana karkata shi da ƙarfin tsiya.

Na yanke shawarar yin aikin da kaina saboda a Kaduna masu gyaran irin wannan sitiyari ba su da yawa, akasarin masunta a wajenmu da filafili suke tuƙi ko kuma da hannun inji kai tsaye. Cire kan sitiyarin da akwatin giyarsa bai ba ni wahala ba. Awon tsawon kebul, wato wayar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da inji, shi ma na yi shi daidai: daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan zuwa bangon baya, daga nan kuma zuwa tsakiyar inji, na ƙara inci 6, na cika lissafin zuwa ƙafa ta gaba, ya ba ni ƙafa 13. Da na goge jikin tsohon kebul kusa da ƙarshensa sai na ga lambar tana nuna hakan, hankalina ya kwanta, na aika aka sayo sabo daga Legas aka ba direba ya kawo mini tasha.

Matsalar tana can baya, inda kebul ɗin yake ƙarewa da sandar ƙarfe wadda take shiga ta cikin bututun da injin yake jingine a kansa, bututun nan da inji ke juyawa a kai idan an ɗaga shi sama. Sandar tana shiga ta dama ta fito ta hagu, a can ne ɗan hannun ƙarfe yake haɗa ta da inji. Shekara da shekaru ruwan sama yana shiga wurin, ƙurar hunturu tana cakuɗuwa da tsohon giris, ga tsatsa, har abin ya daskare kamar an zuba siminti. Ashe kebul ɗin da na ɗora wa laifi ba shi ne asalin ciwon ba, bututun ne ya riƙe sandar.

Na kwance babban notin dama, na cire hannun ƙarfen, na ja, ko gezau. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu zuba kananzir mu bar shi ya kwana, gobe ma rana ce." Ban saurare shi ba, domin magariba ta kusa, sabon kebul yana hannuna, ina so in wayi gari a kan ruwa. Na ɗora guduma kai tsaye a kan bakin sandar. Bugu na farko ta ɗan motsa, na ji daɗi. Bugu na biyu ya baje bakin sandar, ya yi faɗi fiye da ramin da zai bi ya fita, wanda ke nufin da hannuna na rufe mata hanya. Na uku ya goce ya sauka a bakin bututun, ya lanƙwasa shi ciki, ya murƙushe haƙoran da noti ke hawa.

Wanda bai san wannan bututu ba zai ɗauka ƙaramin abu ne da za a zare a sa wani. A kansa nauyin injin yake, injin da ya haura kilo 70, saboda haka ba a fitar da shi sai an rataye inji ko an sauke shi ƙasa. Washegari muka nemi mutum biyu suka taimaka muka sauke, na ɗauki shatar a-kori-kura tun daga Igabi har Panteka. Dattijon da na kai wa aikin ya daɗe yana duban bakin sandar yana shafa shi da yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce, "Baba, ni ne." Bai ƙara cewa komai a kai ba, sai ya ɗauko magagari ya fara goge bakin da na baje, kuma shirun nan nasa ya fi mini zafi a kan faɗa.

A gabana ya nuna mini abin da ya kamata in yi tun farko. Ya fesa man da ke cin tsatsa ta ɓangarorin biyu, ya bar shi kwana biyu yana ƙarawa safe da yamma, sannan ya kama sandar yana murɗa ta kaɗan kaɗan hagu da dama kafin ya tura. Da ya zo bugu, sai ya sa guntun tagulla wanda bai kai ramin kauri ba a tsakanin guduma da sanda, ya riƙa bugu a hankali har ta fita. Da na yi haka a bakin ruwa, da buroshin waya da tsumma da sabon giris sun isa, bututun ya koma aiki. To amma bakinsa ya riga ya lalace, dole aka sake aikawa Legas, aka yi ta jira, kuɗin bututu da na mota da na aiki suka taru suka zarce abin da na kashe a kan sabon kebul ɗin baki ɗaya. Wannan lissafi shi ne abin da har yanzu ban gama haɗiyewa ba.

Sauran aikin na yi shi da kaina bayan an mayar da inji, kuma wannan karon ban yi garaje ba. Dama tun ranar da muka sauke inji na ɗaura igiya a jikin tsohon kebul kafin in zare shi, sai yanzu na yi amfani da ita na jawo sabon ta hanyar da tsohon ya bi. Na kula kada ya yi lanƙwasa mai tsanani a kusurwar baya, domin irin wannan kebul ba ya son a matse shi a kwana, idan aka tilasta masa sitiyari zai yi nauyi tun yana sabo kuma ba zai daɗe ba. Na shafe sandar da cikin bututun da giris ɗin da ruwa ba ya wankewa. Notin da ke riƙe hannun ƙarfen na sa sabo mai roba a ciki, wanda girgizar inji ba ta kwance shi, kuma ina roƙon duk mai irin wannan aiki kada ya mayar da tsohon noti a wurin, domin idan ya fita jirgi yana gudu, injin zai wulla gefe guda nan take, kuma haka ake kifewa.

Abu ɗaya da tsoron da guduma ta sa mini ya amfane ni da shi shi ne gwaji a tudu. Na sa ƙanena ya tsaya a baya, na juya sitiyari dama, sai ya ce, "Yaya, ai wannan hagu zai kai mu." Akwatin giyar yana da ƙofa biyu, na cusa kebul ta wadda ba ita ba, tuƙin ya juye. Gyaran bai wuce minti 20 ba, amma da a kan ruwa na gano, kusa da duwatsun da ke gefen inda muke ɗaure jirage, ban san abin da zai faru ba. Ranar da muka saka shi a ruwa kowa da rigar kariya a jikinsa, na fara da tafiya a hankali, ina juyawa har ƙarshe ta kowane ɓangare, kafin in ƙara wuta. Da yatsa biyu nake juya shi yanzu, kuma na yi alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba.

Duk da haka, makonni ukun nan sun wuce, abokan sana'a sun kama abin da suka kama, ni kuwa ina biyan bashin da na ci na bututu har hunturu ya shiga sosai. Yanzu duk wata nakan juya sitiyari har sandar ta fito gaba ɗaya, in goge tsohon giris da ƙurar da ta manne masa, in shafa sabo, idan zan ɗaure jirgin kuma sai in juya ta koma cikin bututun don kada ta kwana a waje. Gudumar na fitar da ita daga akwatin kayan aikin jirgi, na sa guntun tagulla da gwangwanin man tsatsa a madadinta.